Ɗa ne ko Bawa? Sharhi kan Hausar Wa'azin Nowel a Ƙasar Ƙonni

Gabatarwa

Ƴan uwa ɗalibai, da aka ce kowa ya kawo sharhi kan wani rubutu ko wata magana da ya sani ciki da bai, na san da yawa za su ɗauko waƙar makaɗa ko littafin soyayya na Kano. Ni abin da na fi sani shi ne wa'azin da ake yi da Hausa a majami'un yankinmu kowace ranar 25 ga Disamba, daga Galmi zuwa Birnin Ƙonni, da kuma Littafi Mai Tsarki da ake karantawa kafin wa'azin. Ni Kirista ne, ɗan ƙasar Tajaye, kuma na san mafi yawanku Musulmi ne. Ku kwantar da hankalinku, tambayata ta ɗalibin kimiyyar harshe ce: abin da Kirista ke cewa sun gaskata, shin shi ne kalmominsu na Hausa ke kai wa kunnen Bahaushe?

Ga abin da suka gaskata a taƙaice. Allah, ba tare da ya daina zama Allah ba, ya shigo duniya ta cikin mace, ya ji yunwa, ya gaji, aka wulaƙanta shi, ya mutu. Shi ake kira ɗaukar jiki. Musulmi bai yarda da wannan ba, kuma ba na neman ya yarda kafin ya karanta ni. Ita kanta ikilisiya ta daɗe tana kokawa da yadda za ta faɗe shi, tun daga taron Nikiya na shekarar 325 har zuwa na Kalsidon a 451. To in Helenanci ya sha wannan wahala, Hausa ma sai ta sha tata.

Ra'ayina shi ne, labarin na sauka ne, amma Hausar da muke faɗarsa da ita tana yawan juya shi ya koma labarin babban mutum da ya kawo ziyara. Zan bi kalmomi huɗu in nuna inda hakan ke faruwa: Kalma, mutum, tawali'u, da bawa. A ta ƙarshen ne maganar za ta taɓa mu duka, Musulmi da Kirista, don a ƙasar Ƙonni da Illela kalmar bawa ba ta mutu ba.

Ta ina kalmomin suka zo?

Ba a Adar aka yi wannan fassara ba. Wani Bajamushe mai aikin mishan, J. F. Schön, shi ya fitar da Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, kuma Hausarsa ta ƙaru sosai a bakin wani yaro mai suna Dorugu. Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne. An kama shi bauta tun yana ƙarami, aka sayar da shi, daga baya aka ƴanta shi, ya bi matafiyin nan Barth har Ingila a 1855. Ku riƙe wannan a ranku: ɗaya daga cikin bakunan farko da suka koya wa mai fassara Hausa, bakin wanda aka taɓa yi wa kuɗi ne.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya jagoranta. Sabuwar fassara ta biyo baya a 1980, ita ce a hannun mafi yawanmu, kuma a kanta nake magana. A gefenmu na Nijar, mishan ɗin SIM ta fara zama a Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Littafin da aka tsara da Hausar Kano da Zariya ya zo ke nan ana karanta shi ga manoman albasa na Galmi da mutanen ƙauyukan Malbaza. Kalma ɗaya ce a takarda, amma kunnen da ke karɓarta yana da nasa tarihi.

Kalma wadda ta zama namiji

Babin farko na Linjilar Yahaya yana kiran Almasihu da sunan da Helenanci ke cewa logos. Masu fassara suka ce Kalma. Matsalar ita ce logos namiji ne a nahawun Helenanci, kalma kuwa tamace ce a Hausa. Muna cewa kalmar nan ta yi tsawo, kalma ce mai wuya. Masu fassara suka ƙi bin wannan. Suka ba ta mahaɗin namiji, wato -n maimakon -r, suka ba ta wakilin suna ya maimakon ta.

Abin dariyar shi ne mu ƴan yamma ba mu jin karan farko. A karin harshenmu mahaɗin tamace yakan narke cikin baƙin da ke biye da shi: motas sarki, rigab Bello. Saboda haka in aka haɗa kalma da nan, bakinmu da ma -n yake fitarwa. Sai an kai ga ya ne kunnenmu ke tuntuɓe.

Wani malamin nahawu zai sa jan biro a nan. Ni kam ina ganin wannan wuri ne da fassarar ta yi daidai. Tuntuɓen yana gaya wa mai sauraro cewa abin da ake zance a kai ya wuce furuci, wani ne. Abokaina masu Larabci sun san irin wannan a sura ta 3, aya ta 45 ta Alƙur'ani, inda aka ambaci kalma, wadda tamace ce a Larabci, sai lamirin da ya biyo baya ya zo na namiji. Ma'anar ta bambanta ƙwarai, don malaman tafsiri suna bayyana cewa an kira Annabi Isa kalma ne saboda da umarnin Allah aka halicce shi ba uba, Kirista kuwa suna nufin Kalma marar mafari. Amma a duka wuraren biyu nahawu ya rusuna wa wanda ake magana a kansa. Wannan na yaba. Daga nan ne fa ƙorafina zai fara.

Mutum

A aya ta 14 ta wannan babi, Yahaya ya faɗi abin da Kalman ya zama. Helenanci yana da kalmar mutum, anturopos, amma marubucin ya tsallake ta ya ɗauko sarks: nama, tsoka, abin da ke jin ciwo, ya tsufa, ya ruɓe. Da gangan ya zaɓi kalma mai ƙarni. Fassarar Faransanci ta Segond ta bi shi da kalmar da ke nufin tsoka. Tamu ta Hausa ta ce mutum.

Na fahimci dalili. In ka ce nama, Bahaushe kasuwa zai tuna, ya ga mahauci da teburinsa. In ka ce jiki kawai, wani zai ɗauka Allah ya sa jiki ne kamar riga, babu ran ɗan adam a ciki, kuma ikilisiya ta ƙi wannan koyarwa tun ƙarni na 4. Mutum ta tsare wannan ƙofa. Sai dai ta buɗe wata.

Ku gwada da kunnenku. Yaushe muke cewa wani ya zama mutum? Yaro ya tafi bida Abijan ko Legas, ya dawo ya gina ɗaki na siminti, ya yi aure, sai tsofaffi su ce, "Ai wane yanzu ya zama mutum." Uwa na yi wa ɗanta faɗa ta ce, "Ka yi karatu ka zama mutum." Daga wannan tushe muka sami mutunci da mutuntaka, kuma mafi munin abin da za ka ce da wani shi ne ba mutum ba ne. A Hausa zama mutum hawa ne. To ga aya da ke nufin sauka mafi nisa, an faɗe ta da lafazin da muke taya murnar ƙarin girma. Mai sauraro ba zai ce Allah ya sami ci gaba ba, amma kunyar da ke cikin maganar ba za ta iso shi ba. Zai ji ta lami, ya ce amin.

Muna da kalmar da ta fi kusa, wato ɗan adam. Ita ce muke ɗaukowa in za mu yi zancen rauni: ɗan adam ajizi ne, ɗan adam tara yake bai cika goma ba. Mai wa'azi da ya karanta mutum a takarda, kamata ya yi ya tsaya ya ce, "Jama'a, ɗan adam ake nufi, jini da tsoka, irin wanda zazzaɓin damina ke kayarwa."

Aikatau na biyu a ayar ma ya yi asara a hanya. Mun ce zauna. Kalmar Helenancin daga tanti take, ma'anarta ya kafa tanti a tsakaninmu. A birnin Kano wannan bambanci ba zai dami kowa ba, amma a Adar mun san wa ke kafa tanti da wa ke da gidan ƙasa mai zaure. Mun san ƙauyuka nawa ke amsa sunan Zango, mun kuma san irin kallon da ƴan gari ke yi wa mazaunansu. Da an ce ya yi zango a cikinmu, da ɗan Tajaye ya gane cewa baƙon nan a bayan gari ya sauka.

Luka ma haka ya ba da labarin, in da muna karanta shi da idon gida. A komin dabbobi aka kwantar da jaririn. Da kwana arba'in suka cika, iyayen suka kai tsuntsaye biyu Haikali. Littafin Firistoci, babi na 12, ya ce ɗan rago ake kaiwa, tsuntsaye rangwame ne ga wanda ba shi da hali. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci yana yawon neman bashin ragon suna ya san abin da wannan ke nufi. Amma a wasan kwaikwayon Nowel na yara, Maryamu shadda muke sa mata.

Tawali'u

Wannan ita ce sarauniyar wa'azin Nowel. Tun ina yaro nake jin ta: dubi tawali'un Yesu, mu yi koyi da tawali'unsa. Kalmar aro ce daga Larabci, tawadu'u, kuma ta bi hanyar da harafin lodi ke bi in ya shigo Hausa ya koma l, kamar a alƙali, alwala, larura da farilla. Tushenta na nufin ajiye abu ƙasa. Kalma ce mai kyau, tana cikin Littafi Mai Tsarki a wuraren da suka dace da ita. Ƙorafina yana kan wanda muke ba wa ita a maganar yau da kullum.

Wa ake ce wa mai tawali'u? Sarkin da ya sauko daga doki ya gaida tsohuwa. Alhajin da ya zauna a tabarma ya ci tuwo da direbansa. Babban malamin da ke amsa sallamar yara. Kun taɓa jin an ce ga-ruwa mai tawali'u ne don ya durƙusa ya gaida mai gida? Ko almajiri don ya sunkuyar da kai a ƙofa? Ba a faɗa, don su ba su da inda za su sauko daga. A bakinmu tawali'u ado ne na manya, kamar rawani. Yana ƙara wa mai shi kwarjini.

Karin maganarmu ma ta tona asirin: durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi ka tashi da tsawonka. Wannan shi ne tawali'un Bahaushe dungurungum. Ka durƙusa na ɗan lokaci, kowa ya san tsawonka na nan yana jiranka. In da wannan awo muka auna Nowel, abin da ya rage shi ne rangadi: sarki ya zo ƙauye, ya sha ruwa a ƙwarya, talakawa suka yi ta mamaki, la'asar ta yi ya hau ya koma fada. Tun ƙarnonin farko akwai waɗanda suka koyar cewa jikin Almasihu da wahalarsa kama ce kawai ta ido, ikilisiya ta kore koyarwarsu. Ga shi tana dawo mana ta taga, ta hanyar kalma guda da muke ƙauna.

Rubutun kansa ya fi mu ƙarfin hali. A wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, babi na 2, inda aka bayyana saukar Almasihu mataki-mataki, fassarar ta yi amfani da ƙasƙantar da kai. Ku ji ƙasa a cikinta, an ninka ta. Ƙasƙanci ba abin yabo ba ne a Hausa, abin da ake roƙon Allah ya raba mu da shi ne. Haka kalmar Helenancin take, tapeinos. Kafin Kirista su ɗauke ta, yawanci zagi ce, siffar marar galihu da mai halin bayi. Faransanci ma, da muke gani kamar ya raba tawali'u da wulaƙanci, duka kalmominsa biyu daga humus na Latin suka fito, wato ƙasar da ake takawa. Tawali'u kai kake yinsa, a yaba maka. Ƙasƙanci yi maka ake yi, a tofa maka yawu. Labarin da ya ƙare a kan gicciye, wanda a daular Rum hukuncin bayi da ƴan tawaye ne, na biyun yake nufi.

Bawa

A wannan babi dai na Filibiyawa, aya ta 7, an ce Almasihu ya ɗauki siffar dulos. Kalmar ba ta da wata ma'ana sai wanda aka mallaka. Segond ya tausasa ta, ya sa kalmar Faransanci da ke nufin mai hidima. Hausa na da irin wannan mafita, wato bara, wanda ke yi wa babba hidima amma yana iya kwashe kayansa ya tafi. Masu fassararmu ba su ɗauke ta ba. Bawa suka rubuta. Ina jinjina musu.

Sai dai harshenmu ya san dabarar da yake kashe dafin wannan kalma. Da an ce bawa a majami'a, kunne ya ƙarasa da kansa: bawan Allah. Shi kuwa bawan Allah kowa ne. Baƙon da ba ka san sunansa ba bawan Allah ne, mutumin da ba ruwansa bawan Allah ne, fasto ma haka muke kiransa don girmamawa. Har sarkin Gobir an yi mai suna Bawa Jan Gwarzo. Ga kuma baiwa, wadda Maryamu ta kira kanta da ita a babin farko na Luka. A rubuce ba ta da bambanci da baiwa ta kyautar Allah, karin sauti ne kawai ya raba su, shi kuwa ba mu rubuta shi. Ta haka kalma mafi nauyi a cikin labarin ta zama mafi sauƙin haɗiya.

A wata ƙasa ana iya cewa bauta tarihi ce. Mu ba mu da wannan uzuri. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta babban laifi mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991. Hadijatu Mani ƴar yankin nan ce. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita kan sefa 240,000 ta zama wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu, ba sadaki, ba haƙƙin matar aure. A 2005 aka ba ta takardar ƴanci, amma da ta auri wanda take so sai aka kai ta ƙara, kotu a Ƙonni ta yanke mata wata 6 kan wai ta yi aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta sami ƙasar Nijar da laifin kasa kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Wannan duka a zamanin yayyenmu ya faru, a kan hanyar da muke bi in za mu gida hutu.

Saboda haka in aka karanta bawa a Galmi ko Malbaza, akwai mai zaune a benci wanda kakarsa ta amsa wannan suna, akwai kuma wanda kakansa ya kira wani da shi. Dukansu sun sani, ba mai faɗa. Azurfa 30 da aka biya don a ba da Yesu, shi ne adadin da littafin Fitowa, babi na 21, ya yanka a matsayin diyyar bawa. Mai wa'azi da ya san haka, ya san ƙasar da yake tsaye a kanta, ya wuce wurin da "tawali'u", ya guje wa aikinsa.

Ga kuma abin da Hausa ta ba mu kyauta wanda Helenanci ba shi da shi a kalma ɗaya. A harshenmu ɗa yana da ma'ana biyu: wanda aka haifa, da wanda ba bawa ba. Daga nan muka sami ɗiyauci da ƴanci. Tsohuwar tambayar da ake yi a ɓoye kafin a ba da aure ita ce, ɗa ne ko bawa? Kirista suna kiran Almasihu Ɗa, kalmar da ta fi kowace jawo gardama tsakaninmu da ƴan uwa Musulmi, don kunne yakan ji haihuwa irin ta jiki, abin da mu ma ba mu nufi ba. Amma ku saurari ɗaya ma'anar. Wanda ya fi kowa ɗiyauci ya tsallaka layin da a ƙasarmu ba a tsallakawa, ya koma gefen da ba a ba su mata. Bulus, a babi na 4 na wasiƙarsa ga Galatiyawa, ya ce an yi haka ne don waɗanda ke bayi su koma ƴaƴa. A Hausa wannan magana ba ta buƙatar dogon sharhi. Ɗa ya zama bawa don bawa ya zama ɗa. Duk wani dattijon Adar zai gane girman abin, zai kuma gane cewa abin kunya ne, irin wanda dangi ke taruwa a kansa.

In haka ne, hukuncin farko a kan masu bi yake faɗawa. Na san gidan Kirista da aka hana aure bayan an aika a binciko asalin yaro. Ba a ce bawa ba, an ce dai "ba irinmu ba ne". Waɗanda suka yanke wannan shawara sun yi waƙar Nowel a shekarar da muryarsu duka. Ba na zargin su da munafunci. Kalmar da aka ba su tun suna yara, tawali'u, ba ta taɓa neman su da wani abu da ya wuce gaisuwa da ladabi ba.

Wata tuhuma da ya kamata in amsa

Wata abokiyar karatuna, wadda ke bin aikin masu yaƙi da bauta, ta ce da ni: "Kai ka san abin da kake nema kuwa? Ka je ka gaya wa wahaya cewa Allah ma bawa ya zama, ai ce mata ka yi ta yi haƙuri." Maganarta na da tushe. An yi amfani da ayoyin biyayya wajen danne bayi a gonakin Amurka. A 1807 aka buga wani gutsuren Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayin tsibiran Karebiyan, aka cire labarin fitar Isra'ilawa daga bautar Masar don kada ya ba su shawara. A gida ma mun san yadda ake amfani da haƙuri a rufe bakin mace da talaka.

Amsata tana cikin nahawun ayar. Aikatau ɗin mai komawa kan mai yi ne: shi ya ƙasƙantar da kansa, kuma daga sama ya taso. Wanda ke da iko ne ya sake shi. Ba a yi wa wanda ke kwance a ƙasa kiran ya sauko. Don haka wa'azin da ya juya ga matar da aka saya ya ce ta yi koyi da wannan, ya karanta jimlar a juye, ya mai da karɓau mai aikatawa. Wanda ayar ke kallo shi ne mai gida, da uban da ke binciken asali, da mu ɗaliban jami'a da ke komawa ƙauye muna jira a ɗauke mana jaka. Ita abin da labarin ke gaya mata dabam ne: sunan da aka liƙa mata don a raina ta, wanda take bauta wa ya ɗauke shi, saboda haka mai raina ta da shi ya san da wa yake yi.

Kammalawa

Ba ina kiran a sake buga Littafi Mai Tsarki gobe ba ne. Fassarar 1980 ta yi abin da za ta iya, a wurare biyu ma ta fi masu karanta ta jarumta. Roƙona ga masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi na yankinmu ƙarami ne. In kun zo kan mutum, ku ce ɗan adam ake nufi. In kun zo kan zauna, ku ambaci zango. Ku rage tawali'u, ku bar ƙasƙanci ya yi ɗacinsa. In kun zo kan bawa, kada ku yi saurin ƙara masa "Allah", ku ɗan yi shiru jama'a su ji ta yadda kakanninsu suka san ta.

Ku kuma ƴan uwana Musulmi, na gode da kuka biyo ni har nan. Ba mu haɗu a kan wane ne Isa ɗan Maryamu ba, kuma wannan ɗan littafi ba zai haɗa mu ba. Amma harshe ɗaya muke ji, kuma tambayar nan ta ɗa ne ko bawa a zaurukanmu duka ake yin ta. Nan da ƴan shekaru mu ne za a aika binciken asali in ƙannenmu za su yi aure. Yana da kyau kowa ya san tun yanzu abin da zai ce wa wanda ya aike shi.